Ɗanyar Waya

Azare,
Talata, 6 ga Afrilu, 2004

Juwairiyya,

Ki ba ni amsa tsakaninki da Allah: waya sa ce? Wayar lasifika nake nufi, wadda kike gani ina naɗawa a gwiwar hannu. Sa ce, da sai an hore shi kafin a ɗaura masa garma? Na san ba haka ake fara wasiƙa ba, ki yi haƙuri, abin ne ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da muke jira. Yaya Baba da Inna Gumsu, yaya zafin Katagum? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Kajinki suna nan cif, wake-waken nan ma ta yi sati biyu tana kwanci a bayan randa. Murja matar maƙwabcinmu tana aiko mini da tuwo kullum. Miyarta ba ta san gishiri ba, amma ina ci ina godiya.

Ga abin da ya faru. Kin san al'adar baffanki Alhaji Bappayo. Duk wayar da ya saya sabuwa, ba ta fita aiki sai ta yi kwana uku a shago, a jone da na'ura, kaset yana ta yi a hankali. Wai ɗanya ce, sai sauti ya bi ta cikinta ya buɗe mata hanya, sannan murya take fita da zaƙi. Shekara shida ina aiki a ƙarƙashinsa, shekara shida ina haɗiye wannan magana. Littattafan lantarkin nan da nake saye a bakin tasha, waɗanda kike cewa sun cinye mana rabin akwati, na bi su shafi-shafi da ƙamus a hannu. Babu inda aka ce jan ƙarfe yana koyon karatu.

Ranar Asabar muna da aikin walimar sauka a wata Islamiyya. Da safe na tarar ɓera ya ci wayar babban makirfo. Akwai sababbi huɗu da Alhaji ya sayo a shagon Azuka ranar Juma'a da yamma, ba a ma jona su ba. Na zari ɗaya ban tambaye shi ba. Komai ya tafi daidai har aka zo addu'ar rufewa. Shugaban makaranta ya ɗaga hannu ke nan, sai lasifika ta hau ƙara kamar ana soya gyaɗa, sannan ta yi tsit. Mutum ya fi ɗari biyar, hannuwa a sama, ba wanda ya san inda zai ce amin.

Alhaji ya taso ya dubi wayar, ya ga sabuwa ce. Maimakon ya ja ni gefe, sai ya ɗauki ɗaya makirfon ya ce wa jama'a, “A yi mana afuwa, yaronmu ne ya saka ɗanyar waya.” Aka kwashe da dariya, har ɓangaren mata. Kin san bakina. Na ce masa waya ba san noma ba ce, kuma ban faɗa a hankali ba.

Yanzu ya ɗauke ni daga kan na'ura ya mayar da ni gadin janareto. Fahad, wanda ni na koya masa bambancin jan soket da baƙi, shi ke zaune a kujerata. A kasuwa kuwa sunana ya koma Ɗanyar Waya. Jiya mai shayi ya tambaye ni ko na nuna.

Kujerar nan nake so ta dawo, Juwairiyya, da sunana. Ba don girma ba. A nan ne kawai nake jin na iya wani abu a duniya. Kada ki gaya wa Baba tukuna, ƙaninsa ne, ba na son in haɗa su.

Na ba direban da zai kawo miki wannan wasiƙa mangwaro da sabulun da kika ce. Ki gai da kowa da kowa.

Mijinki,
Najmuddeen

Azare,
Laraba, 14 ga Afrilu, 2004

Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gai da Baba da Inna da duk mutanen gida. Wasiƙarki ta iso ranar Lahadi, na karanta ta sau uku. Na ji daɗi da kika ce kumburin ƙafar ya sauka. Ki ci gaba da zagaya tsakar gida kamar yadda Inna ta ce, ta fi mu sani.

Kin ce in je in durƙusa in ba Baffa haƙuri, kin kuma ce ke ba ki san komai a kan waya ba amma kin san mijinki. Wannan ta biyun ta shige ni. Zan ba shi haƙuri a kan ɗaga murya, wannan laifina ne. Amma ba zan ce jan ƙarfe ya nuna ba alhali bai nuna ba. In na faɗa, na yi ƙarya, kuma shi ne mutumin da ya mare ni ina sabon zuwa saboda na ce na gwada lasifika ban gwada ba.

Na ɗauko wayar da ta kunyata ni na kwance kanta, wurin da ake sokawa a makirfo. Kin san me na gani? Dalmar da aka liƙa silin da ita ba ta kama ba, ɗosana ta kawai aka yi. Muddin makirfo yana kan sandarsa, lafiya. Da shugaban makaranta ya zare shi ya ɗaga hannu, silin ya saki. Shi ke nan, babu wani ɗanye babu nunanne. Na narka dalma na liƙe shi, minti biyu bai kai ba.

Na kai wa Azuka ya gani. Ya sa tabarau ya duba, ya ce gaskiya ne, da hannu ake haɗa kawunan nan a can inda yake saro su, wani mai haɗin yana gyangyaɗi. Ya ce in kawo ya canza, na ce ba canji na zo nema ba, shaida nake nema. Ya yi dariya har yana dafa kanta. Ya ce shekara ashirin yana Azare, bai taɓa ganin wanda ya kai waya kotu ba sai ni.

Shi ne ma ya kawo shawara. A rataya tabarma a ƙofar shagonsa, a ajiye na'ura a bayanta, lasifika a gaba. Shi zai riƙa sauya waya, wani lokaci sabuwa fil daga leda, wani lokaci tsohuwar Alhaji mai shekara biyar. Alhaji ya saurara ya faɗi wacce ce. Na ɗauka ba zai yarda ba. Sai abokansa na majalisa suka sa shi gaba da tsiya, wai kunnen nasa ne ya tsufa. Ya aiko Fahad ya gaya mini ya yarda, kuma wai in zo da kunnuwana a wanke.

Ba na ɓoye miki, tun da aka sa rana nake cikin tsaka mai wuya. Shi ya koya mini riƙe ƙarfen liƙi. Shi ya tsaya a gaban Baba ya ce a ba ni ke, lokacin da ba ni da komai sai keke. Ina son in ci, kuma ba na son in ga ya faɗi. Ban san yadda ake yin duka biyun ba.

Zaman janareto kuwa yana da nasa daɗin, akwai inuwa, kuma na gama babi biyu na littafin lantarki. Kazarki ta ƙyanƙyashe bakwai.

Ki huta lafiya.

Naki,
Najmuddeen

Azare,
Litinin, 26 ga Afrilu, 2004

Juwairiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kin tashi lafiya, da Baba da Inna. Direba ya ce ya gan ki a zaure kina tsince shinkafa, kin yi ƙiba. Na ce masa aikinsa tuƙi ne, ba kallo ba. Allah ya sauke ki lafiya, kullum ina roƙo.

An yi gwajin jiya bayan la'asar. Ranar kasuwa ce, don haka mutane sun cika ƙofar shagon Azuka har kan titi, wasu ma sun ɗauka magani ake tallatawa. Malam Oladipo mai gyaran agogo ne alƙali, saboda ba ruwansa da kowa a cikinmu. Ya zo da ƙwallayen dabino. In Alhaji ya dace a ajiye ɗaya a dama, in ya kuskure a ajiye a hagu, kuma ba za a nuna masa ba sai an gama. Aka sa kaset ɗin karatun da ya fi so, aya ɗaya ake maimaitawa.

Alhaji ya zauna a benci, ya tura hula baya, ya rufe ido. Sau goma aka yi. Kowane karo da ƙarfin gwiwa yake faɗa. A na bakwai har ya ce wannan tasa ce, ya san muryarta kamar ta ɗansa. Da aka ɗaga tabarma aka ƙirga, huɗu a dama, shida a hagu. Ta bakwai ɗin nan kuwa ko awa ɗaya ba ta yi da fita daga leda ba.

Na ɗauka zan yi tsalle. Ban yi ba. Alhaji ya dubi ƙwallayen dabinon, sannan ya ce a zaunar da ni ni ma. Na zauna, na samu biyar. Fahad ya samu shida, yana ta washe baki kamar ya ci jarrabawa, har sai da Malam Oladipo ya ce masa ko tunkiyarsa aka zaunar za ta iya samun shida.

Sai Alhaji ya juya wajen Azuka, ya tambaye shi a gaban kowa, a cikin wayoyin da yake saye, nawa yake dawo masa da su. Azuka ya sosa kai ya ce kusan ɗaya a cikin biyar, kuma kullum kafin kwana uku su cika. Alhaji ya tambaye shi ko an taɓa jin wayarsa ta mutu a tsakiyar taro kafin wannan Asabar ɗin. Azuka ya ce bai taɓa ji ba.

Juwairiyya, nan ne ƙasa ta ɗan zame mini. Shekara shida ina ganinsa. Duk sanda ya wuce ta gefen wayar da ake horarwa, sai ya ɗaga ta, ya girgiza kanta, ya naɗe, ya warware, ya taka ta da gefen takalmi. Ni ina ɗauka tsufa ne. Ashe duk mai mugun liƙi a nan take tona kanta, kaset ya yi ƙara, ya ware ta gefe. Da wayar nan ta yi kwana ukunta a hannunsa, da ba ta kai ga addu'ar mutane ba. Dalilin da yake bayarwa ba daidai ba ne, amma aikin da yake yi daidai ne. Ni kuma dalilina daidai ne, aikina ya watsa taro. Littattafaina ba su gaya mini wannan ba, ko kuwa suna faɗa a babin da ban kai ba.

Na cire hula a nan gaban jama'a na durƙusa. Na ce na yi laifin ɗaukar waya ban gwada ba, na yi laifin ɗaga masa murya. Ya dafa kaina ya ce, “Tashi, ɗan nema. Gobe ka zo da wuri, Fahad ya cika mini na'ura da ƙara.” Yau a kujerata na wuni. Na ma kawo sabon tsari, ya karɓa: maimakon kwana uku, a girgiza kowace waya a ja ta a murɗa ta na rabin awa. Ya ce to, amma duk da haka a bar ta ta kwana uku, ba ta cin tuwo. Ban yi musu ba. Kin ga ina gyaruwa.

Saura abu ɗaya, kuma wannan sakin layin ki karanta wa Baba shi, yanzu na yarda ya ji. Ni na ba da haƙurina a tsakiyar kasuwa. Shi har yanzu bai ce uffan a kan shida da huɗu ba, kuma mai shayi bai daina tambayata ko na nuna ba. Baffa ya ce ranar suna shi zai kawo kayan sauti Katagum da motarsa, ni zan zauna a kan na'ura. Madalla. To idan an gama addu'a an shafa, kafin a raba goro, zan miƙa masa makirfo da hannu biyu, cikin ladabi, da wayar da na gwada da kaina. Ya gaya wa mutanen Katagum da na Azare da suka zo: ranar walimar nan, ɗanyen jan ƙarfe ne ya kashe sauti, ko dalma ce ba ta kama ba? Ba na neman ya ce na fi shi, ban fi shi ba. Amma a lasifika ya sa mini sunan nan, a lasifika nake son amsa. Baba yayansa ne, ya sa shi ya amsa.

Ki gai da Inna, ki ce mata ina nan tafe da zarar direba ya kawo labari.

Mijinki mai ƙaunarki,
Najmuddeen