Tallafin da Ya Zo Bayanka

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima, na san wannan takarda ba za ta same ka ba, ba kuwa za ka karanta ta ba. Ko kana raye ma ba lalle ka karanta ba, tunda a wajenka duk rubutun da ba shi da jerin manazarta a ƙarshe hira ce kawai. To, hirar zan yi maka, don na gaji da yi wa bangon ɗaki.

Mutanen gida lafiya. Na kusa fita takaba. Ruwa bai sauka ba tukuna, hadari yakan haɗu ta wajen Sundimina ya yi baƙi ƙirin, sai iska ta watsa shi. Babur ɗinka yana nan a zaure inda ka jingine shi, ƙannenka sai zuwa suke suna shafa shi suna tambayar lafiyata. 'Yarka Ummi ta gama bautar ƙasa ta dawo. Ta rame, ramar kuma ta ƙara fito da kamanninka a fuskarta.

Babban labarin shi ne tallafin nan ya fito. Tallafin binciken da ka yi shekara da shekaru kana nema a wajen waccan ƙungiya ta ƙasar waje, wanda duk shekara suke aiko maka da amsa mai farawa da yabo tana ƙarewa da ban haƙuri. Ko arba'in ɗinka ba a yi ba sai ga shi. Murna zan yi? Wa zan yi wa barka?

Ka tuna yadda aka tara abin da aka nemi tallafin da shi? Ni dai ban manta ba. Sauran malaman jami'a in sun dawo gida ƙarshen mako hutawa suke yi. Kai kuwa asubar Asabar ka hau babur, sai Basirka, sai Dingaya, sai ƙauyukan Gwaram da ko sunansu ban iya ba. Ka durƙusa gaban tsofaffin mata kana roƙon zangarniya ɗaya ko biyu ta tsohon irin gero da maiwa da dawa, irin da mutane ke watsarwa saboda sabon iri ya shigo. Ka dawo da ƙarangiya a wando da yunwa a ciki, ka ƙi cin abinci sai ka ɗaura wa kowace zangarniya ƙyalle mai sunan ƙauyen da sunan tsohuwar da ta ba ka. Ka rataye su a shagon ƙofar gida, don ka ce ɗakin ajiyar sashenku yana yoyo, ga ɓeraye. Na tambaye ka masu ƙafa nawa ne ɓerayen, ka yi dariya ka ce in bar ɗaukar alhaki.

Kai ka tara, kai ka rubuta takardar neman, kai ka riƙa hawa tudun bayan gari kana neman inda waya za ta kama don ka aika. Amma ƙa'idarsu ta ce sai da sunan farfesa a sama. Sai aka ɗora sunan shugaban sashenku, mutumin da tun da ya samu farfesancin ƙafarsa ba ta ƙara taka kunya a gona ba, wanda sai ka wuni a ƙofar ofishinsa kamar mai jiran likita kafin ya sa maka hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na faɗa maka haka tun kana raye, ka ce ilimi ba na mutum ɗaya ba ne. Lalle kuwa, yanzu ya zama na kowa ban da kai.

Sun yi bikin ƙaddamarwa a wani otal. An buga riguna da huluna da jakunkuna masu sunan aikin. Ummi ta nuna mini hoton ƙyallen da suka rataya a bango: fuskar Farfesa ta cika rabinsa, taka tana can a lungu, ƙarama kamar ta katin zaɓe. An ce sun miƙe tsaye sun yi maka shiru na ɗan lokaci irin na Turawa, sannan suka zauna suka ci kaji. Ni ma ba su manta da ni ba, sun aiko mini da jaka da hular hana sallah. Ka gaya mini, Malam, me mai takaba za ta yi da hular hana sallah?

Abu ɗaya ne ya dame ni a cikin tallafin nan gaba ɗaya. Akwai gurbin ɗalibi guda da ka rubuta a ciki: a biya masa karatun digiri na biyu, a ba shi na abinci, a kai shi ƙasar masu tallafin ya koyi aikin gwaje-gwaje. Ba ka taɓa cewa don Ummi ka sa shi ba, kai da kunyar a ce ka yi son kai. Amma na ga irin kallon da kake yi mata in tana karanta maka sunayen ƙyallayen nan. Saboda kai ta karanta aikin gona, ita ce a bayan babur ɗinka duk hutu. Kuma ka san ba mu da wata ƙofar. Ta nemi tallafin ɗalibai nan da can, ta sha layin tantancewa a rana da takardu cike da leda, in sakamako ya fito sai a ga sunayen 'ya'yan waɗanda ko wurin ba su je ba. Wannan gurbin shi kaɗai ne ta cancanta kuma kowa ya san ta cancanta.

Yanzu ga abin da nake ta kewaye-kewaye a kansa. Malam, irin nan naka babu shi.

Ranar sadakar uku jama'a ta yi yawa fiye da yadda aka zata. Mutanen ƙauyukan da kake zuwa sun zo a motoci da babura, har da tsofaffin da sai an riƙe su. Hatsin gida ya kasa. Yayarka, Yaya Tabawa, wadda ta zo daga Gwaram ta karɓi ragamar gidan, ta buɗe shagon ƙofar gida tana neman tabarmi, sai ta ga zangarniyoyi rataye reras. Ta ce ai ga hatsin Malam nan, kuma babu abin da ya fi dacewa a yi wa mamaci sadaka da shi kamar abin da ya tara da hannunsa. Matan suka sauke, suka kwance ƙyallayen suka zuba a murhu, suka sussuke gaba ɗaya. Geron da maiwar aka surfa aka daka gumba da sukari. Dawar aka kai inji aka tuƙa tuwo. Ummi tana kan hanya daga kudu, ba ta iso ba sai washegari. Ni kuwa ina cikin ɗaki mata sun kewaye ni, ina jin luguden taɓarya a tsakar gida, na ɗauka maƙwabta ne suka kawo gudunmawa.

Ban ga laifin Yaya Tabawa ba, kuma har yau ba mu gaya mata ba. Da kuka ta yi dakan nan. In akwai laifi naka ne, da ba ka taɓa zama ka yi wa 'yan uwanka bayanin aikinka ba, kullum sai ka ce ba za su gane ba. Ummi ta shiga shagon ta tarar da ƙusoshi kawai a bango. Ta daɗe a ciki kafin ta fito.

Bayan bikin nasu da 'yan kwanaki Farfesa ya zo. Wannan karon shi ya jira a zaure, ni ina daga bayan ƙofa, Ummi tana tsaye tsakaninmu. Ya yi doguwar addu'a, ya kira ka ƙaninsa, ya ce rashinka ya karya masa baya. Sannan ya gyara murya ya ce ya zo da mota ne don a kwashe irin a kai jami'a, masu tallafi suna son rahoton farko da hotuna kafin damina ta kankama.

Na gaya masa cewa ai ya riga ya karɓi rabonsa. Na tuna masa ranar sadakar uku, shi da tawagarsa a kan babbar darduma, yadda ya yi loma da tuwon dawa da miyar kuka har ya aiko a gaya wa masu girki ya daɗe bai ci tuwo mai ƙanshin wannan ba. Na tuna masa gumbar da direbansa ya ƙulle a leda don a kai wa Hajiyarsa. Na ce abin da ya zo ɗauka da mota ke nan. Allah ya yafe mini, tun da ka rasu ban ji wani sanyi a raina ba sai a shirun da mutumin nan ya yi.

Amma kar ka ɗauka ya tambayi ko akwai irin da ya ɓace ke nan har abada. Kai ne za ka yi wannan tambayar. Shi lissafin da ya yi daban. Ya ce in masu tallafi suka ji, za su janye komai, kuma babu lokacin sake bin ƙauyuka, balle ma wasu tsofaffin sun rasu, wasu sun daina shuka nasu. Sai ya kawo shawara cikin ruwan sanyi, kamar mai sallama da ɗan acaɓa. A je kasuwar Gwaram a sayo dami-dami na abin da aka samu. Ummi ta san sunayen ƙauyukan da na matan, ta san yadda kake ɗaura ƙyalle, sai ta sake rubutawa, ta sa hannu a matsayin 'yarka cewa wannan shi ne abin da ka bari. Ya ce mutanen can ba su san dawa kaura ba, ba su san farfara ba, hoto kawai suke so. In ta yi haka gurbin nata ne, a ranar zai rubuta sunanta. Ya ƙara da cewa haka ake yi ko'ina, kuma da kana nan da kai ma ka fahimta.

Na raina shi, Malam. Na raina babbar rigarsa da turarensa da addu'arsa. Na raina jami'ar da ta bar irinka a shagon ƙofar gida ta ba shi ofis mai na'urar sanyi. Na raina masu tallafin su ma, da suka ƙi ka kana raye kana da kayan a hannu, suka yarda da kai bayan ka shiga ƙasa, kuma hoto ya ishe su shaida.

Duk da haka, da ya tafi na kira Ummi ɗaki na ce ta sa hannu.

Ka ji ni da kyau, ni na ce. Na tambaye ta, gaskiyarka me ta saya mana ban da babur mai tari da shago mai ƙusoshi? Na ce in ba ta yi ba wani zai yi, kuma ƙaryar za ta tafi ko da ita ko babu ita, gara ta tafi da ita a ciki. Na ce in ta je ta yi karatun ta dawo, sai ta gyara. Har cewa na yi kai ma don ita ka rubuta gurbin, kada ta tozarta wahalarka. Na yi amfani da sunanka kamar yadda Farfesa ya yi, bambancin kawai ni ban shafa turare ba.

Ba ta yi mini musu ba, ka san ba ta yi. Ta sunkuyar da kai har na gama. Washegari ta shirya ta hau mota ta je jami'ar, ta gaya masa ba za ta rubuta sunan Inna Kande ta Dingaya a kan geron kasuwa ba, matar da ta kwance irin daga ƙasan rumbunta ta ba ka tana sa maka albarka. Ta dawo kafin la'asar ta ɗora girki.

Ba su rasa mai yi ba. An samu wani yaro, ɗan uwan matar Farfesa, ya rubuta ƙyallayen da kyakkyawan rubutu. An ɗauki hotuna, an aika, an ce masu tallafin sun yaba ƙwarai. Jiya aka sanar da sunansa a gurbin. Ummi kuma ta fara koyarwa a wata makarantar kuɗi a bayan tasha, tana koya wa yara sunayen sassan fure.

Ina fushi da kai. Ban taɓa faɗa maka wannan ba kana raye, saboda na ɗauka taurin kanka a kanka kaɗai zai tsaya. Ashe ka zuba mata shi kaf, ka tafi ka bar ni da kallon abin da zai jawo mata. Ina kuma alfahari da ita, ban san yadda ake riƙe biyun nan a zuciya ɗaya ba. Kai da ka iya bayani, ina kake?

Tana gaishe ni da safe, tana kawo mini ruwan alwala, ba ta rage mini komai na ladabi ba. Amma da can in mun zauna bayan cin abinci, zancenka muke yi, ta kwaikwayi yadda kake gyara tabarau mu yi dariya mu yi kuka. Tun ranar da na ce ta sa hannu ba ta ƙara ambatonka a gabana ba. In na ɗauko zancen, sai ta tuna ta bar wani abu a wuta. Gurbin ya tafi, wannan na haƙura. Kai ne ta ɗauke daga tsakaninmu ta ajiye inda hannuna ba zai kai ba, kuma ban isa in ce ba ta da gaskiya ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa ladan duk wanda ya ci sadakar nan ya iske ka. In ana roƙon alfarma a inda kake, ka roƙa mini ta wajen 'yarka.

Sai mun zo.

Ni ce matarka,
Saude, daga Birnin Kudu