Ga Juna Biyu, Ga Aikin Duba Bututun Tashar Nukiliya

Anti Zinatu, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana, kuma lokaci yana neman ƙure mini.

Ni injiniya ce a wani kamfani a Manchester. Maigidana akanta ne a Birmingham, can gidanmu yake a Handsworth. Ranakun aiki ina kwana a wani ɗan ɗaki da na kama a unguwar Fallowfield a nan Manchester cikin 'yan jami'a, ranar Juma'a in hau jirgin ƙasa in koma gida. Aikina ya shafi bututun da ke cikin tashar lantarki ta nukiliya, musamman masu kai ruwan sanyaya injina. Muna lissafin yadda kowane bututu zai jijjiga idan aka yi girgizar ƙasa, mu gano inda ƙarfen da ke riƙe da shi ya yi rauni, a ƙara masa wani ko a sauya. Duk wanda na yi wa wannan bayani sai ya yi dariya, wai ina Ingila ina girgizar ƙasa. Ana ɗan yi jefi-jefi, kuma a irin wannan wuri ba a jira sai abu ya faru.

Kusan shekara biyu ina kan wannan aiki a kwamfuta. Wata mai zuwa za a tsayar da tashar domin gyara, kuma ni aka ɗora wa jagorancin masu shiga su duba bututun ido da ido. Abin da na daɗe ina roƙon Allah ke nan. Akwai wani layin bututu da zanensa ya girme ni, an sha yi masa gyare-gyare, kuma raina bai yarda abin da ke cikin zanen shi ne a jikin bango ba. Idan zatona gaskiya ne, lissafinmu a wurin bai zauna ba.

To Anti, sai ga shi ina da juna biyu, bai kai wata uku ba. Bara na yi ɓari. Da surukata ta kira daga Zariya don yi mini jaje, a ƙarshe ta ce wannan aikin nawa na nukiliya a dai duba shi. A lokacin ko ƙofar tashar ban taɓa takawa ba, a ofis nake. Maigidana yana jin ta bai ce uffan ba, kuma shirun nan ya fi maganar yi mini ciwo.

Yanzu yana so in ajiye aikin in dawo Birmingham gaba ɗaya. Ba da faɗa yake faɗi ba, da ma faɗan ne da na san yadda zan yi. Shi ya kai ni asibiti wancan karon, shi ya yi ta hidima da ni har na miƙe.

A ofis ba wanda ya sani. Idan na faɗa wa shugabata, na san za a hana ni shiga ciki, a tura wani abokin aikina, bari in kira shi Ebenezer. Ya iya aiki, amma bai daɗe da zuwa ba, bai san layin nan kamar yadda na san shi ba. Ga kunya, kin san mu ba ma shelar ƙaramin ciki. In na faɗa kuma abin ya sake lalacewa, yaya zan yi da jajen ofis guda?

Har na fara tunanin in yi shiru in shiga. Kowa yana rataya 'yar na'urar da ke auna tururin nukiliya, kuma na san abin da mutum ke ɗauka kaɗan ne. Amma akwai hawan tsani, akwai zafi, akwai rarrafe a ƙarƙashin ƙarafa. In na rufe ido sai in ga asibitin bara, in na buɗe sai in ga bututun. Abinci ma ya daina shiga. Me zan yi?

Mai Zulumi, Manchester

Ƙanwata Mai Zulumi, Allah ya sanyaya miki zuciya. Bari in fara da abin da ba ya jira: kada ki shiga tashar nan a ɓoye. Ni ba likita ba ce, ba kuma injiniya ba, amma ke da bakinki kika lissafa tsani da zafi da rarrafe. Ko da komai ya tafi lafiya, za ki yi aikin rabin hankalinki yana kan cikinki, kuma aikin da kika kwatanta ba ya son rabin hankali.

A makon nan ki ga likitanki na GP ko ungozomarki, ki faɗa musu ainihin aikin da tarihin bara. Sannan ki sanar da shugabarki a rubuce, ki nemi maganar ta tsaya tsakaninta da masu kula da lafiyar ma'aikata. Wannan ba shela ba ce. Dokar ƙasar nan ta ɗora wa kamfanoni nauyin kare mai ciki, ta kuma hana a tauye ta saboda shi, amma sai sun sani za su iya.

Damuwarki kan layin bututun tana kan hanya, kuma ta nuna kin san amanar da ke wuyanki. Sai dai zato irin wannan bai kamata ya zauna a kan mutum ɗaya ba. Ki rubuta shi a rahoto, ki zaunar da Ebenezer ki nuna masa inda zai auna da abin da zai ɗauko a hoto. Ki nemi a bar miki jagorancin daga waje, shi yana ciki ke kina tantance abin da ya kawo. In sun ƙi, zai yi zafi, ba zan ɓoye miki ba, amma za a duba bututun yadda ya kamata.

Maigidanki kuwa tsoro ne ke cinsa, shi ma ya yi rashi bara. Kada ki ajiye aiki cikin firgici, kada kuma ki yi watsi da maganarsa. Ki tafi da shi wurin ungozoma ya ji da kunnensa, ki kuma tambayi ofis ko za ki riƙa yin wasu ranaku daga gida, zirga-zirgar jirgin nan ta ragu. Ki faɗa masa shirunsa na ranar nan ya ɓata miki rai. Ita Hajiya surukarki, ɗanta ne zai fahimtar da ita cikin ladabi, ba ke ba.

Ɓari yana samun matan da ko sunan nukiliya ba su taɓa ji ba, ki sauke wannan kayan daga kanki. Ki daure ki ci abinci ko kaɗan-kaɗan ne. Allah ya raya abin da ke cikinki, ya sauke ki lafiya, ya kuma sa albarka a aikin hannunki.

Taki, Anti Zinatu