Gefen da Teku Ya Cinye

Gundumar Mayo, Fabrairu 1968

Malachy,

Gaisuwa mai yawa. Ya aikin titi a Leeds, ya tarin nan naka? Na san ba ka shan magani, taurin kanka ba sabo ba ne.

Jiya na je tsibin duwatsun mutanen zamanin da, can bakin gaɓa, inda ka kai ɗanmu. Shekara ashirin ban taka wurin ba. Fada, limamin cocinmu, ya ce jaririn da bai samu baftisma ba ba ya shiga maƙabartar coci, mahaifiyarka kuma ta ce mace ba ta bin irin wannan gawar. Ka ɗauke shi cikin akwatin shayi ina kwance.

Guguwar bana ta cinye gefen wurin da ke kallon teku gaba ɗaya. Na tarar da tsohuwa Gobnait tana tsintar ciyawar ruwa. Ta ce, “Ke ma naki kike nema? Ai kin makara, 'yar nan, teku ya tafi da nawa biyu tun Janairu.”

Ka faɗa mini gefen da ka sa shi. Ban taɓa roƙonka komai ba.

Matarka har yanzu,
Nuala

Leeds, Maris

Nuala,

Na samu takardarki, ina fatan kina lafiya, ke da shanun. Tari da sauƙi.

Wa ya ce ki hau wurin nan da wannan gwiwar taki? Gobnait kuwa tun muna yara bakinta ba ya kawo alheri, ki rabu da ita.

Gefen tudu na sa shi, nesa da ruwa, inda iska ba ta bugawa. Na naɗe shi da jar rigata, na ɗora farin dutse. Yana nan lafiya lau. Wallahi tun ranar na kasa kallon fuskarki, shi ya sa na tafi, ba don na daina sonki ba.

Ki kwantar da hankalinki. A gaida kowa.

Malachy

Mayo, Afrilu

Malachy,

Gaisuwa. Na koma, na tafi da shebur don in shuka masa fure.

Gefen tudu dutse ne zalla. Na bi shi kaf, babu inda shebur ya shiga ko da tsawon yatsa. Can na zauna na yi kukan da ban yi ba wancan lokacin.

Ba ka taɓa iya ƙarya ba, amma na gode da ka gwada.

Ka sha maganinka.

Nuala