Sautina Ya Kauce

New Bell, Duwala, 1991

Yaya Rakiyatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, kada ki damu.

Kasuwanni a rufe suke, amma fanfar ɗinmu, wato ƙungiyarmu ta masu bushe-bushe, tana samun aikin jana'iza, ni ke busa ƙaton ƙahon nan, tuba. Sai dai kullum shef, shugaban ƙungiyar, yana cewa sautina ya kauce. Na ja bututun farko, na tura na uku, na sauya yatsu, har damshin Duwala na ɗora wa laifi. Jiya Jibirilla, abokin aikina, ya karɓa ya busa, kowa ya ce daidai. Ni ban ji bambanci ba.

Ki aiko min da maganin kunnen da Baba ya gwada. Na san bai yi masa amfani ba. Kada Inna ta ji.

Ƙaninki,
Zailani