Alayyahun Yaran Ajina

Fure,

Na tafi makaranta kina barci. Sai da safen nan na gane inda kika samo alayyahun miyar jiya. Gwangwanayen bayan ɗaki duk kin aske su.

Ba nawa ba ne. Na yaran ajina ne 'yan nazare, na kawo gida don in riƙa ba shi ruwa a hutu. Ba ki ga sunayensu a jiki ba? Yau za su tsinka da hannunsu. Shamsiyya, wadda ba ta cin ganye, ta yi mini alkawarin cin nata.

Ki je lambun Baba Andarawus ki roƙo mai saiwa, ki dasa, ki kawo kafin a fita tara.

Abin haushin, har ƙari na yi.

Yayarki,
Patience