Shafi na Biyar

Marlow Bend, 9 ga Satumba

Zuwa ga Yayata Doreen,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da mijinki Arne kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma ruwan makon jiya bai ɓata muku masara ba. Da hannu nake rubuta wannan, a gida, domin duk abin da na buga a na'urar ofis ya zama takardar hukuma, kowane ɗan gari yana iya neman a nuna masa.

Abin da kika ji a rediyo game da zaman majalisarmu bai cika ba. Ana cikin gardamar kuɗin ruwa Dale Kuchar, mai gyaran tarakta, ya miƙe zai yi magana, ƙaramar bindigarsa ta suɓuce daga ƙugunsa, ta faɗi ta tashi. Harsashin ya shiga ƙafar teburin kansiloli, kusa da gwiwar matata Corinne, tana zaune a kujerarta ta kansila. Babu wanda ya ji ciwo.

Tun daga ranar matata ta ƙudura sai majalisa ta hana shiga ɗakin taro da ɗakin karatu da bindiga. A matsayina na lauyan gari na rubuta wa kansilolin nan biyar shawara mai shafi huɗu, a rufe, kamar yadda aka saba. Na ce majalisar jiha ce kaɗai ke da ikon yin doka kan makamai, kuma duk kansilan da ya kaɗa ƙuri'a yana sane da haka, kotu tana iya sauke shi daga kujerarsa. Corinne ta karanta a tsaye a kicin. Ta ce, "Malam lauya, na ji abin da ba zai yiwu ba. Wanda zai yiwu fa?" Na ce na rubuta abin da na rubuta.

Kwana uku bayan haka ta kira lauya Grant Havlik. Kin tuna shi, ajinmu ɗaya tun daga sakandare har jami'a. Yanzu ofishinsa yana babban birnin jiha, kuma ana yawan ganinsa a talabijin. Ya ce zai tsaya wa garin kyauta. Hujjarsa ita ce gari ne ya mallaki ginin, mai gida kuwa yana da ikon faɗin abin da za a shigo masa da shi. Sau biyu ya ci abinci a gidanmu. Na farko ya ƙara nama sau biyu, ya ce bai taɓa cin gashi irin na Corinne ba, alhali ni na gasa. Har yanzu Farfesa yake kirana, kamar a makaranta. Ita kuma Cory yake ce mata, sunan da ban taɓa kiranta da shi ba cikin shekara ashirin da shida. Idan yana magana takan ɗauki biro tana rubutawa. Ya ce mini, "Farfesa, kai dai tun muna yara ka fi kowa sanin dalilin da zai sa a zauna." Ta yi dariya. Ba mai yawa ba, amma ta yi.

Ba ƙorafi nake yi ba. Ina sanar da ke halin da ake ciki ne kawai. Ki gaida Arne.

Ƙanenki,
Lowell

*

Gona, 15 ga Satumba

Ƙanena Lowell, ko in ce Mai Girma Lauya,

Muna lafiya, masara ta tsira, Arne ne dai gwiwarsa ke damunsa, yana ta neman wanda zai ɗora wa laifi.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Bindiga ta tashi kusa da ƙafar matarka, ka ba ta layi uku. Grant ya ci namanka, ka ba shi rabin shafi. Kishi ne ke cin ka, ɗan Mama, kuma tsohon kishi ne, tun ranar da aka ba shi kyautar muhawara kai aka ba ka ta iya rubutu, ka zo gida ka ƙi cin abinci. Ni na wanke farantin, ban manta ba.

Ka tambayi Corinne ko ta tsorata? Na san ba ka tambaya ba. Mace ta ga harsashi a ƙafar teburinta, ta zo gida, mijinta ya miƙa mata shafi huɗu. Ni, da a ce Arne ne ya yi mini haka, da shi da shafukan za su kwana a rumfar shanu.

Na karanta wa Arne maganar dokar. Ya ce shi bindigoginsa bakwai, bai taɓa kai ko ɗaya wurin gardamar kuɗin ruwa ba, Dale kuma wawa ne. Amma ya ce shi ma ba ya son kowane gari da tasa dokar, mutum ya tsallaka gada lokacin farautar barewa ya zama mai laifi bai sani ba. Ka ga, ba kai kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, kai ne dai ba ka iya faɗarsa a ji daɗi ba.

Ka ajiye biro ka yi wa matarka magana da baki. Grant zai koma birni. Irinsu ba sa daɗewa inda babu kyamara.

Ka ci abinci.

Yayarka,
Doreen

*

Marlow Bend, 8 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Doreen,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan gwiwar Arne ta yi sauƙi. Na gode da wasiƙarki. Kalmar da kika yi amfani da ita ta yi nauyi, kuma ban amince da ita ba, amma ba zan tsaya jayayya a kanta ba.

An kaɗa ƙuri'a ranar Talata. Dokar ta wuce, uku da biyu. Ɗakin ya cika har ƙofa, rabi sanye da hulunan farauta, rabi riƙe da kwalaye masu rubutun goyon bayan dokar. Grant ya yi magana minti ashirin babu takarda a hannunsa, kuma ba zan hana shi haƙƙinsa ba, ya iya. Da ya gama ya juya ga jama'a ya ce, "Lauyoyin ƙananan garuruwa mutanen kirki ne, amma an horar da su su ji tsoron birni." Aka yi tafi. Corinne ba ta tafa ba, amma ba ta dube ni ba.

Kafin a kira sunayen kansiloli su kaɗa ƙuri'a na nemi izinin magajin gari. Na roƙa a karanta shawarata a fili, a kuma shigar da ita cikin kundin zaman. Haƙƙina ne in nema. Akawun majalisa ta karanta shafi huɗun nan daga farko zuwa ƙarshe. Na ga Grant ya daina murmushi tun a shafi na biyu. Da aka tashi ya tare ni wajen matakala, ya ce a hankali, "Farfesa, ka san abin da ka yi kuwa?" Na ce na cika aikina. Ya ce, "Ni ka nufa, na sani. Amma ba ni ka samu ba."

Ban ga abin da zan ƙara kan wannan ba. Idan jiha ta kai ƙara, kuma za ta kai, kundin zai nuna wanda ya faɗi gaskiya tun farko da wanda ya zo neman suna. Muka kama hanyar gida a mota, ni da Corinne. Da muka iso ta tambaye ni ko na rufe garejin, na ce na rufe.

Ki gaida mutanen gida.

Ƙanenki,
Lowell

*

Gona, 27 ga Oktoba

Lowell,

Gaisuwa a taƙaice, don ba ni da ta mai yawa yau.

Corinne tana nan tun Asabar, da jaka ɗaya. Kada ka zo, kada ka kira, ita ta ce in faɗa maka. Tana ɗakin Mama na da, tana taya ni gyaran tuffa, tana cin abinci kaɗan.

Ta nuna mini takardar da ofishin babban lauyan jiha ya aiko. Ni ban yi jami'a ba, amma na gane. Ba soke dokar kawai suke nema ba, so suke a sauke mutum ukun da suka kaɗa ƙuri'a, domin sun yi suna sane. Shaidarsu guda ɗaya ce tak, shawararka, kuma sun haɗo ta da takardar, har da sa hannunka mai kyau ɗin nan. Corinne ta bayyana mini cewa da ta zauna a rufe, sirri ce tsakanin lauya da majalisa, babu mai ikon taɓa ta. Kai ka buɗe ta.

Kada ka ce mini ba ka sani ba. Kai ne mutumin da ke rubuta wa yayarsa wasiƙa da hannu don kada ta zama takardar hukuma.

Shekara tara tana kan kujerar nan. Ita ta samo motar asibiti ta biyu, ita ta hana a rufe ɗakin karatu. Jiya muna fere tuffa na ce mata, "Ke dai ki faɗa mini gaskiya, akwai wani abu tsakaninki da mai gashin talabijin ɗin nan?" Ta ajiye wuƙa ta ce, "Yaya, mutumin da ke duba fuskarsa a bayan cokali?" Muka yi dariya, daga nan ta yi kuka. Ta ce ba ƙarar ce ta fi yi mata ciwo ba. Ta ce lokacin da ake karanta takardar ta dube ka, ta ga kana jin daɗi.

An sa ranar sauraro, sha tara ga Nuwamba, kuma za a kira ka shaida. Ban san abin da za ka yi ba. Ƙanena ne kai, ba zan daina sonka ba, amma yau ba na alfahari da kai.

Doreen

*

Marlow Bend, 2 ga Nuwamba

Zuwa ga Corinne, ta hannun Yaya Doreen,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan kina samun barci. Ba ki nemi wasiƙa ba. Idan kika mayar da ita a rufe, zan fahimta.

Na sani. Na san abin da shigar da takardar cikin kundi zai jawo, kuma a lokacin da na miƙe na zaɓi kada in yi tunaninsa. Abin da nake so shi ne a wayi gari kowa ya ga Grant ya yi kuskure, ke kuma ki gani kafin kowa. Doreen ta kira abin da sunansa tun watan Satumba, na ƙi.

Akwai abin da ba ki sani ba, kuma ya fi wancan muni. Shawarar shafi biyar ce da na fara rubuta ta. A shafi na biyar na ce akwai ƙofa ɗaya da dokar jiha ba ta rufe sarai ba, wato ikon gari a kan ginin da ya mallaka, kuma kansila mai gaskiya yana iya kaɗa ƙuri'a bisa wannan ba tare da ya yi ganganci ba. Hujjar Grant ke nan, na riga shi ganinta. Na cire shafin ne da safiyar ranar da na ji kina tambayar magajin gari a waya ko yana da lambar Grant, tun kafin in miƙa muku komai. Da kika tsaya a kicin kika tambaye ni abin da zai yiwu, amsar tana cikin aljihun teburina.

Shafin yana nan, da kwanan watansa a na'urar ofis. Idan na gabatar da shi gaban alƙali, zai nuna cewa lauyan gari da kansa ya ga akwai shakka, kuma zai yi wuya a ce kun karya doka da gangan. Ba na alkawarin zai isa. Dokar kanta, a ganina, za ta faɗi duk da haka. Amma kujerunku suna iya tsira.

Zai kuma nuna cewa na ba majalisa shawara rabi da saninta. Aikina zai tafi, kuma mai yiwuwa hukumar lauyoyi ta kira ni. Na auna wannan, na amince. Abin da ba ni da ikon yankewa ni kaɗai shi ne za a tambaye ni dalili, a gaban garin da kike sayen burodi a cikinsa, kuma dalilin ya shafe ki. Idan kin ce in kawo, zan kawo. Idan kin fi so a bar sunanki daga wannan, ki faɗa.

Ban tambaye ki ba ko kin tsorata ranar da bindigar ta tashi. Ni na tsorata.

Mijinki,
Lowell

*

Gona, 7 ga Nuwamba

Lowell,

Na samu, na karanta. Yaya tana gaishe ka.

Ka kawo shafin. Ba ni kaɗai ba ce, akwai mutum biyu da suka kaɗa ƙuri'a tare da ni don sun yarda da ni. Na gaya wa Grant kai zai fara kira shaida, kuma shi zai yi maka tambayar, ba lauyan jiha ba. Ka amsa masa.

Ba zan zauna kusa da kai ba. Maganar dawowa gida ban yanke ba. Ka iya rubutu, na daɗe da sani. Ina so in ji ka faɗe shi da baki tukuna.

Ka sa baƙar kwat, shuɗiyar ta matse ka.

Corinne