Zakaran Dada

Zuwa ga Dada,

Ina gaishe ki da Baba da su Mansura. Ya ƙafar taki? Hanyar Ƙanƙara ta yi sauƙi kuwa? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai, shi ma na fara sabawa.

Kin sha tambayata karatun da ya kawo ni bakin teku. Wasu 'yan halittu nake kiwo a kwalabe, ba su kai ƙwayar gero ba, amma su ne abincin kifi. Teku na ƙara ɗumi, ƙwansu kuma ba ya ƙyanƙyashewa. Wata takwas muna duba matan, ba mu ga komai ba. Sai na tuna bazarar da ƙwan kajinki ya yi ta lalacewa, kika ce, "Kaza ba ta da laifi, zafi ne ya kashe wa zakara ƙarfi." Na ware mazan na gwada. Dada, maganarki ce ta fito.

Ran Laraba malamai suka taru, aka tafa mani. Babbansu ya ce, "Ina kika samo wannan dabara?" Na ji nauyin in ce wurin kajin uwata a Pauwa. Na ce a littafi na gani.

Tun ranar nan, abinci ba ya mani daɗi. Gobe zan faɗa masa gaskiya, kuma na san zai ce a rubuta sunanki a takardar binciken. Ki yafe mani abu biyu: na ɓoye ki, kuma gobe zan kama sunanki a gaban mutane.

'Yarki,
Zulaihatu